Masu sharhi sun ba Shazam! kashi 90, me ya sa ya firgita ɗana?

Tambaya: Na ga an ce masu sharhin fina-finai sun ba Shazam! na 2019 kashi 90 cikin 100, wai barkwanci ne na iyali. Na kunna wa ɗana mai shekara shida, ba a kai rabi ba ya fashe da kuka, yanzu ya ƙi kwana shi kaɗai. Ƙarya suka yi?

Amsa: Allah ya yaye masa, Hajiya. Ba su yi ƙarya ba, lambar ce ake yi wa gurguwar fahimta. Kashi 90 na Rotten Tomatoes, shafin intanet mai tattara sharhin fina-finai, ba maki ba ne irin na jarrabawa, ƙidayar kawuna ce: cikin masu sharhi goma, tara sun ce fim ɗin ya yi, ko da "ba laifi" kawai mutum ya ce. Abin da suka yaba shi ne yadda Zachary Levi ya fito a matsayin yaro ɗan shekara 14 cikin jikin ƙato, da labarin 'ya'yan riƙo a Filadelfiya. Manya ne suka kalla da idon manya. Ba wanda ya tambaye su ko ya dace da ɗan shekara shida.

Wannan kuskuren kullum sai an yi shi. Mai tura fina-finai a waya da ya hango jan kaya da alkyabba sai ya ce "na yara ne", alhali bai kalli ko minti goma ba. Masu sharhin TikTok su ma lambar suke karantowa su wuce. Da sun duba, da sun ga darektan, David F. Sandberg, daga fina-finan ban tsoro ya fito, shi ya yi Lights Out da Annabelle: Creation. Hannunsa ya nuna a ɗakin taron kamfani, inda mugun ya wurgo ɗan'uwansa ta taga, dodanni bakwai suka far wa mutane, har aka gutsure kan wani. Ga kuma inda uwar yaron ta nuna masa ba ta bukatarsa, wanda ya fi dodo zafi ga wasu yara.

Alamar shekaru za ki riƙa dubawa: a Amurka PG-13 aka ba shi, wato iyaye su yi hattara da yaran da ba su kai shekara 13 ba, a Birtaniya 12A, wato yaron da bai kai shekara 12 ba sai da babba zai kalla a sinima. Ki buɗe sashen Parents Guide (jagorar iyaye) na shafin bayanan fina-finai na IMDb, yana lissafa wuraren tashin hankali ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ɗanki, a bar masa fitila da dare, a nuna masa da rana cewa da kwamfuta aka zana dodannin.