Ƙanwata, kafin ki zo Ingila: ina za ki yi shanya?

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma na yi dariya har sai da maigidan ya tambaye ni ko lafiya. Ba dariyar raini ba ce. Duk masu rubuto mini kan zuwa Ingila, biza da kuɗin haya da rigar sanyi suke tambaya. Ke kaɗai kika tambayi inda za ki yi shanya. Kin ce Hajiya ta cusa miki igiya a akwati, ita kuma ƙawarki ta Amurka ta ce ki yar, a ƙasar Turawa ba a shanya, inji ne ke busar da komai. Kina so ki san wa ya fi gaskiya, kuma ko ku ware kuɗin injin tun daga gida, tunda ga goyo ga mai shekara huɗu, ga maigidanki zai shiga digiri na uku, ba lokacin zirga-zirgar wanki zai samu ba.

Kar ki yar da igiyar Hajiya. Amma kar ki zata za ta yi miki aikin da take yi a tsakar gidanku na Kano.

A gida ba ma lissafin rana, don kyauta muke samunta. Ki yi wanki bayan kari, kafin azahar kaya sun bushe ƙayau, in da hunturu ne ma tun kina ɗauraye na ƙarshe na farkon ya fara ƙandarewa. Babu wadda ta taɓa tsayawa ta tambayi inda ruwan da ke jikin zanen ya tafi. A nan Manchester, a watan Disamba sai bayan ƙarfe takwas rana take fitowa, kafin huɗu na yamma an yi magariba, kuma tsakanin nan ma galibi gajimare ne ya rufe ta. Ruwansu ba irin namu ba ne mai zuwa da hadari da tsawa ya zuba ya wuce. Yayyafi ne mara zuciya, ya wuni yana yi. Ana cewa wannan laimar tana cikin abin da ya taimaki masaƙun garin, don zaren auduga bai cika tsinkewa a iska mai danshi ba, kuma a nan aka kafa BCGA, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya, a 1902, wadda ta riƙa sayen audugar su Funtuwa da Zariya. Abin da ya yi wa masu saƙa rana, mu masu wanki dare ya yi mana.

Sanyina na farko ni ma da taurin kai na shige shi. Na ce ni da na tashi ina wanke kayan gida guda da hannu, ba zan biya kuɗi inji ya yi abin da Allah ke yi kyauta ba. Na yi shanya sau biyu a waje, kayan suka kwana biyu suna nan jiya i yau, har sun fara wani bashi. Sai na dawo da su ciki. Na baza a kan ƙarfen hita, na rataya a ƙofofi, na yafa a bayan kujeru, na kuma rufe tagogi ruf saboda tsoron sanyi. Kayan suna bushewa kam. Sai dai kullum da safe gilashin taga yana tsiyayar da gumi, ni kuwa ina gogewa da tsumma ina cewa raɓa ce. Ranar da muka ja kabad don neman wani abu da ya faɗa baya, muka tarar da bango ya yi baƙi ƙirin da fumfuna tun daga ƙasa har tsayin kafaɗa. Babbar rigar da maigida ya yi ɗaurin aurenmu da ita tana ciki, ta yi tabo-tabo, takalmansa na fata sun yi furfura. Da za mu bar gidan, wanda ya ba mu hayar ya zabtare kuɗin fenti daga kuɗin ajiyarmu. Ki san wannan tun yanzu: a Ingila ana karɓar ajiya har ta hayar mako biyar, kuma fumfuna na cikin abubuwan da aka fi yin rigima a kansu ranar tashi.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wanki ɗaya na inji, bayan ya matse, yana ɗauke da ruwa kusan lita biyu. In kika shanya a ɗaki kika rufe, ruwan nan bai ɓace ba. Ya bar rigar ya shiga iska, iskar ta kai shi wurin da ya fi sanyi, wato taga da kusurwar bango da bayan kabad, ya zauna. Ke mai yara biyu za ki yi wanki huɗu ko biyar a mako. Ki ɗauka kamar kina watsa wa bangon ɗakin kwananku bokitin ruwa ne duk mako.

Kuma asarar kaya ita ce ƙarama. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara biyu mai suna Awaab Ishak, iyayensa 'yan Sudan, ya rasu a Disambar 2020. A Nuwambar 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar cewa daɗewa yana shaƙar fumfunar gidansu ce ta lalata masa numfashi. Ba shanya ce ta jawo nasu ba, gidan ne ba shi da isasshiyar mafitar iska, iyayen sun yi ta kai ƙara ana ɗora laifin a kan yadda suke zamansu. Daga baya aka yi doka da sunansa, ta fara aiki a Oktobar 2025 a gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje, tana tilasta gyara cikin ƙayyadadden lokaci. Na kawo miki wannan don abu biyu. Ƙirjin jariri ba ya wasa da fumfuna. Sannan duk ranar da kika ga baƙin tabo a bango, ki ɗauki hoto ki rubuta wa wanda ya ba ku hayar a rubuce, kar ki tsaya kunya irin tamu, kar kuma ki ba shi hujjar cewa ke kika jiƙa masa gida.

To sai ki ce ai shi ke nan, ƙawar Amurka ta yi gaskiya, a sayi inji a huta. Ita tana maganar ƙasarsu ne, inda kusan kowane gida da nasa, har wasu unguwannin suna hana shanya a waje. Nan ba haka ba ne. Turawan Ingila da kansu 'yan shanya ne, rana na leƙowa za ki ga bayan gidaje sun cika da zannuwan gado. Dalili kuwa kuɗin wuta. Yunit ɗaya yana kaiwa wajen kwabo 25 zuwa 28 a 'yan shekarun nan (fam ɗaya kwabo ɗari ne), kuma Ofgem, hukumar da ke kula da harkar wuta da gas, tana sake ƙayyade farashin duk wata uku. A ƙarshen 2022 har 34 ya kai. Injin busarwa na gama-gari yana shan yunit huɗu zuwa biyar a zubi ɗaya, kin ga fam ɗaya da ɗoriya ke nan. Akwai sabon samfuri mai sake juya zafinsa, yana shan kamar rabin haka, amma ya fi tsada wurin saye kuma ya fi jan lokaci. In gidan da kuka samu mai mitar kati ne, irin wadda muka sani a gida, da idonki za ki ga kuɗin yana narkewa. Kuɗin tallafin karatu ba ya jure wannan kullum.

Yawancin gidajen haya ma ba su da wurin ajiye shi. Abin da za ki fi tararwa shi ne injin wanki a kicin, ƙarƙashin kanta, wani lokaci mai haɗe da busarwa. Kar mai haɗen nan ya ruɗe ki. Abin da zai iya wankewa a zubi ɗaya, kusan rabinsa kawai yake iya busarwa, sai kin kwashe wasu, kuma ya yi awanni yana gurnani. Masu zama a ginin ɗalibai su kuma ɗakin wanki ɗaya suke haɗawa, a biya na wanki daban na busarwa daban.

Akwai kuma maganar gobara. Injin busarwa yana tara wata auduga-auduga da yake karcewa daga jikin kaya, kuma ita wuta take jira. A 2016 wani dogon bene a Shepherd's Bush da ke Landan ya kama da wuta daga irin wannan inji, a 2019 kuma kamfanin Whirlpool ya janye dubban ɗaruruwan injinansa saboda wannan matsala. Shi ya sa 'yan kwana-kwana suke ta nanatawa a share matatar bayan kowane zubi, kuma kar a kunna a kwanta ko a fita. In za ku sayi na hannu, ku duba lambarsa ko yana cikin waɗanda aka janye. Araha ba ta ado.

Audugar nan da nake faɗa miki, kayanki ne suke ƙarewa a hankali. Tawul da kayan barcin yara ba su damu ba. Amma shadda? Wallahi na taɓa ganin wani ɗalibi ya zo masallacin Juma'a da kaftanin da ya sha inji: ƙyallin ya mutu, aikin wuyan ya tattare, hannun ya tsaya masa sama da agogo. Shadda da bugu da sitaci aka san ta, zafi da gurzawa ba nata ba ne. Leshi mai duwatsu zai zubar da duwatsun, wasu ma su maƙale a injin. Atamfa tana kwanjamewa ta yi laushin tsumma. Hijabi mai roba a fuska, robar ta saki. Hula kuwa kar ma maigida ya yi tunaninta, ya koyi wanke abarsa da buroshi tun kafin ya taso, don nan babu mai wankin hula a bakin titi. Kayan kanti suna da alama a wuya: murabba'i da da'ira a ciki yana nufin za a iya sa shi a injin busarwa, in an soke shi da gicciye a'a. Ɗinkin telanmu ba shi da wannan, don haka ki ɗauka duk an soke.

Ga yadda na daidaita nawa bayan na sha wuya. Daga Afrilu zuwa Satumba igiya ce, a waje. A Yuni rana tana kaiwa bayan tara da rabi na dare ba ta faɗi ba, kin ga har kin fi 'yan gida lokaci. Ko babu rana, in dai akwai iska kuma ƙasa a bushe take, kaya suna bushewa. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta koya mini duba dandamalin bayan gida: in ya bushe ki shanya, in yana da laima kar ki wahalar da kanki. Ita ce kuma take ƙwanƙwasa mini katanga in ta ga hadari. Har yau ina lulluɓe ƙananan kaya da zani a kan igiya yadda aka koya mana, ita kuwa nata a fili suke kaɗawa, ko a jikinta.

Daga Oktoba zuwa Maris, ciki ne, amma da tsari. Ina ƙara wa inji zagaye ɗaya na matsa, mafi ƙarfi, kafin in kwashe. Ina baza kayan a kan maratayin ƙarfe mai naɗewa a ɗaki ɗaya da ba a kwana a ciki, in rufe ƙofa, in kunna na'urar tsotse danshi a gefensa. Wannan na'urar ita ce abin da zan ce ku fara saya, kafin talabijin ma. Awa biyar tana aiki ba ta wuce ta sha yunit ɗaya ko ɗaya da ɗan abu ba, kuma da safe za ki zare tankinta ki ga ruwan da da bangonki zai sha. Ranar da na fara zubar da shi sai da na yi salati. In ba ku samu sayenta da wuri ba, ki yi shanyar a banɗaki ki kunna fankar da ke zuƙe iska, ko ki buɗe taga kaɗan ko da sanyi. Zannuwan gado da barguna da tawul, su nake tarawa in kai shagon wanki na unguwa duk mako biyu, manyan injinansu su busar cikin rabin awa ko fiye kaɗan. Nan ne kawai nake biyan kuɗin inji da daɗin rai.

Abu ɗaya da babu mai gaya miki: kar ki yi shanya kusa da kicin. Jiƙaƙƙen kaya yana shan ƙamshi kamar soso. Ki soya albasa da manja ki jefa daddawa, gobe yaronki ya tafi makaranta yana ƙamshin miyar kuka. In kuma kin ce za ki gyara da turaren wuta, ƙararrawar hayaƙi ta tara miki maƙwabta. Ni sai da ta tara mini sau biyu na koma turara kaya a banɗaki da taga a buɗe.

Saboda haka lokacin da maigida yake neman gida, ki sa baki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ke ce za ki wuni a ciki. Ya tambaya ko akwai fili a baya. In bene ne, ya karanta yarjejeniyar, don da yawa sun hana rataya kaya a baranda. Wanda zai duba muku gidan ya leƙa bayan kabad da kusurwar tagogi, ya shinshina ɗakin, ya kunna fankar banɗaki ya ji ko tana aiki. Bangon da aka yi wa sabon fenti a kusurwa ɗaya kaɗai, a yi tambaya a kansa. Gidan da ya fi wani arahar fam hamsin amma yana da laima, za ku biya hamsin ɗin a wuta da magani.

Kuɗin da kuka yi niyyar warewa na inji, ku riƙe shi tukuna har ku ga gidan. Ki rage yawan leshi a akwati, ba za ki sa su ba sai da salla ko suna, ki ƙara wa yara kayan ciki da safa don kar a rasa na canji kafin wasu su bushe. Ki gaida Hajiya, ki ce igiyarta za ta yi aiki wata shida a shekara. In da sauran wuri ki taho mini da kuka da yaji, amma kar ki sako kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe.