Hukuncin Azumin Mai Ciwon Suga da Ke Shan Ƙwayar Daonil

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Hindawiyya ne a Makka, shekaruna 58, kuma sana'ata tura keken masu ɗawafi da sa'ayi. Ina shan Glucophage da Daonil saboda ciwon suga. A azumin bara na yanke jiki na faɗi kusa da Marwa bayan la'asar. Ba na gwada jinina da rana, domin an gaya mini huda yatsa kamar kaho ne, yana karya azumi. Shin in ɗauki azumi bana?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa. Rangwamen da aka yi wa mara lafiya sananne ne, haka nan haɗiye ƙwaya da rana yana karya azumi ko da babu ruwa. Abin da ya sauya hukunci a kanka shi ne Daonil ɗin nan da faɗuwar da ka yi. Glucophage shi kaɗai ba kasafai yake zubar da suga ƙasa ba, amma Daonil yana sa jiki ya ci gaba da fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, kuma aikinsa yana daɗewa a jiki. Mutumin da ya sha shi da sahur, ya wuni yana tura keke tsakanin Safa da Marwa, shi ya kira wa kansa abin da ya same ka. Saboda haka bai halatta ka ɗauki azumi a kan wannan tsari ba. Ka je wurin likitanka tun cikin Sha'aban, ka faɗa masa irin aikinka ba tare da ɓoye komai ba, a duba ƙodarka, ya ga ko zai musanya maganin ko ya sauya lokacinsa. Kada ka rage ko ka daina da ra'ayinka.

Maganar huda yatsa kuwa kuskure ce, kuma ita ta kusa halaka ka. Mai faɗinta ya dogara da hadisin da ya ce mai yin kaho da wanda aka yi wa duk sun sha azumi. To, Malikiyya da jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su ɗauki kaho a matsayin mai karya azumi ba, saboda hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari cewa an yi wa Annabi (SAW) kaho yana azumi. Malaman ƙasar nan ma da suka riƙi cewa kaho yana karyawa, irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin, sun yi fatawa cewa ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karyawa, domin ba ya raunana jiki. Ina ɗigo guda a kan yatsa, ina jinin kaho? Da ƙiyasin ya inganta, da wanda ƙaya ta soke shi ma ya rama azumi.

Idan likita ya yarje maka, ka riƙe na'urar gwaji a aljihu tare da dabino. Da ka ga suga ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko ka ji jiri da karkarwa da zufa mai sanyi, wajibi ne ka karya azumin nan take, ko da saura minti biyar a kira magariba. Ka kuma tuna akwai tsohuwa ko mara lafiya a kan keken da kake turawa, amanarsu tana wuyanka. Da za ka mayar da aikinka dare, da ya fi. Sobiya, abin shan nan mai zaƙi, da sauran zaƙin buɗa-baki ma ka sassauta musu.

Idan likita ya hana ka, ka rama a gajerun ranakun sanyi. Ciyarwa sai ga wanda aka tabbatar ba zai iya ramawa ba har abada. Allah ne mafi sani.