Hanta daga ƙwayoyin alade: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, na ji a rediyo wai Turawa na shuka hanta daga jikin alade. Gaskiya ne ko ƙanzon kurege? Ɗalibi, daga Zariya.

Amsa: Da ƙamshin gaskiya, amma ba hanta sukutum ake shukawa ba, ƙwayoyinta ne. A kwanakin farko na ɗan tayi akwai ƙwayoyin halitta na tushe waɗanda ba su kama sana'a ba tukuna. Suna iya zama jini, tsoka ko hanta. Masu bincike na Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke Beltsville, jihar Maryland, sun ɗebo irinsu daga ɗan tayin alade mai kwana 8, suka raine su a faranti har suka zama na hanta, suka laƙaba musu PICM-19. A 2008 har sama jannati aka kai su cikin kumbon Endeavour.

Me ya kawo alade? Ƙwayoyin hantar mutum wuyar samu gare su, kuma in an raba su da jiki, cikin 'yan kwanaki sai aikinsu ya ja baya. Waɗannan kuwa suna ta hayayyafa. Ana iya gwada sabon magani a kansu, a ga ko guba ne ga hanta tun bai kai bakin mutum ba. Ana kuma fatan zuba su cikin na'urar tace jini, irin ta wankin ƙoda.

Tambaya: Hantar yayana ta lalace, cikinsa ya kumbura. Za a iya dasa masa ta alade? Wata baiwar Allah, daga Maradi.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. A'a, abin bai kai nan ba. Ko a Maris 2024 da likitocin asibitin Xijing na ƙasar Sin suka dasa hantar alade, wa wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu suka yi wa, kwana 10 aka cire. Ku kai shi a auna ciwon hanta nau'in B da C. Maganin Tenofovir na danne B, shi kuwa C ana warkewa cikin mako 12 galibi. Ya bar jiƙe-jiƙe, don Allah. Matarsa da yara ma a auna su, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafin B.

Tambaya: Ba haramun ba ne? Magidanci, daga Kumasi.

Amsa: Fatawa ta malamai ce, Malam. Nawa dai bayani ne: wajen gwajin magani, a faranti ƙwayoyin ke tsayawa, ba sa shiga cikin maganin da aka gwada a kansu.