Sai shinge ya tsaya ake ɗaga ƙarfe

Kana tambaya me ya sa nake dagewa sai an kewaye hasumiyar eriya da shinge, alhali mai rediyon sha'awa, wato mai na'urar magana da mutanen nesa a gidansa don nishaɗi, wat 100 kacal yake turawa. Kai yaro, zauna ka ji.

Wat 100 a cikin kebul ɗin da ke haɗa rediyo da eriya bai wuce bolt 70 da ɗoriya ba. Amma a bakin wayar eriya, inda ƙarfin ke taruwa, ɗaruruwan bolt ne, in kuma an ƙara amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfi, sai ya haura dubu. Wutar rediyo ƙona mutum take yi. A waje ɗan tabo ne fari, a ciki kuwa nama ya dahu, ya daɗe bai warke ba.

Akwai wani da na kafa wa hasumiya mai tsawon mita 15. Na sa masa a lissafi shinge da kwado, da farantan ƙarfe da za su rufe gindinta har mita 3 don kada yaro ya sami matakin ƙafa, da bututun roba mai launi a kan wayoyin ɗaurin da ke riƙe hasumiyar. Ya ce tsada, ya soke su da bironsa, wai ƙaninsa mai walda ne. Ya kuma riƙe cikon kuɗina sai ya gwada aiki. Ina juya baya ya ɗaura wata wayar eriya da kansa, ya sauko da bakinta jikin katanga, daidai hannun yaro. Rannan yana ɗaki yana zuba hira ta rediyon da wani a wata ƙasa, ɗan maƙwabcinsa ya shigo ɗaukar ƙwallo ya kama wayar. Tafin hannun yaron nan, ba na son tunawa. Da uban ya taso, ka san abin da mutumin ya ce? Wai mai aikin ne bai sa kariya ba. Ni! Takardar da ya soke da hannunsa ya rantse bai taɓa ganinta ba. Kuɗina suka tafi, waɗanda suka yi min alkawarin aiki suka janye. Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tun daga nan ba na ɗaga ko ƙarfe ɗaya sai shinge ya tsaya. Bakin wayar eriya ya kasance inda dogon mutum zai miƙe bai taɓa ba. Ka auna nisa da wayar lantarki yadda ko hasumiyar ta faɗi warwas, mita 3 za su rage tsakaninsu. Kafin ka hau, ka zare fiyus ɗin rediyon ka sa a aljihunka, kada ka yarda da "ai ba zan kunna ba". Maganar bel ɗin ɗaure jiki da sandar tagulla ta tsawa kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma gida. Ku yaran yanzu da kuke hawa da waya a hannu don ɗaukar hoto, Allah ya shirye ku.

Gobe kai za ka riƙe takardar lissafi. Kofi biyu, mai hasumiyar ya sa hannu a duka, ɗaya ta dawo jakata.