Shin dole sai lissafin masana ya tabbatar kafin kotu ta karɓi hujja?

Ka tambaya ko kotu na watsi da hujjar kimiyya in lissafi bai nuna abin ya wuce dace ba. A Amurka dai ba dole ba ne gaskiya. Tun shari'ar Daubert a 1993 a kotunan tarayya alƙali ne mai tace masana, ya duba ko an gwada hanyarsu da yawan kuskurenta. Sai shari'ar 2011 ta kamfanin Matrixx mai maganin mura Zicam, wasu masu sa shi a hanci suka daina jin ƙamshi, kamfanin ya ɓoye wa masu hannun jari wai rahotannin basu kai ma'aunin lissafi ba. Kotun ƙoli gaba ɗaya ta ƙi yarda da wannan uzurin, kuma wallahi daidai ne, ai likitoci ma basa jiran wannan ma'aunin kafin su yi gargaɗi.