Zama da likitan ƙwaƙwalwa ƙarar ƙaddara ce?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Taura. Ƙanena yana cikin waɗanda suka rasu a gobarar tankar mai ta Majiya a Oktoban 2024, kuma ni na aike shi garin a ranar. Tun lokacin barci ya ƙaurace mini, ƙaurin fetur kawai sai jikina ya hau rawa. An yi mini ruƙiyya. Wani ma'aikacin lafiya ya ce in je in zauna da masanin halayyar ɗan Adam, amma baffana ya ce wannan rashin tawakkali ne da tona asirin gida. Ya halatta?

Amsa: Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya ba ka haƙurin rashi. Ɗan'uwa, ya halatta, kuma a halin da kake ciki ina ganin abin so ne.

Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. Hadisin bai ware cutar jiki ya bar ta zuciya ba. Annabi Yakubu (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma babu mai cewa tawakkalinsa ya ragu. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Nana A'isha kuwa takan sa a dama wa masu makoki talbina, kunun sha'ir, saboda ta ji Annabi ya ce tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ka ga ke nan an yarda a nemi sauƙin zuciya ta hanyar sababi.

Baffanka zai iya kafa hujja da aya ta 86, inda Yakubu ya ce Allah kaɗai yake kai wa kukansa. Gaskiya ne. Sai dai abin da malamai suka hana shi ne kuka na fushi da hukuncin Allah. Bayyana wa likita inda ke maka ciwo daban ne, ko ciwon haƙori ne ai sai ka buɗe baki. Batun asirin gida ma, Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan gaban Annabi, bai ce ta yi giba ba. Faɗi abin da buƙata ta kai, ka tsaya nan.

Ilimin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Abu Zaid al-Balkhi, wani masani Musulmi wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rarrabe baƙin ciki mai sanadi da marar sanadi, ya ce na farkon da magana ake jinyarsa.

Abin da ake yi a zaman shi ne a bi labarin da kai sannu-sannu, mako-mako, har jikinka ya daina ɗaukar ƙaurin fetur a matsayin wutar ranar. Za kuma a zauna a kan kalmar nan da ka saka a tambayarka, "ni na aike shi". Na lura da ita. Aike ka yi, ajali ba a hannunka yake ba, amma na san faɗar haka sau ɗaya a majalisi ba ta cire ƙaya. Tana buƙatar mai sauraro da ya iya aikin.

Ka nemi ƙwararre a asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano. Kada sunan "asibitin mahaukata" ya tsorata ka. Idan mace ce likitar, a guji keɓancewa da ita. Shawarar da ta saɓa wa shari'a ba a ɗauka. Azkar da ruƙiyya ta shari'a su ci gaba, ba kishiyoyin asibiti ba ne. In kuwa zuciyarka ta fara raya maka ka cutar da kanka, ka gaya wa wani a gida, a kai ka a ranar. Baffa kuma a lallaɓa shi, in ya yarda ma shi ya raka ka.

Wallahu a'alamu.