Wa Zan Saurara Kan Neman Gurbin Tiyatar Ƙashi a Amurka?

Tambaya: Likita, na gama karatun likitanci, burina in ƙware a tiyatar ƙashi a Amurka. Kowa da abin da yake faɗa mini, har barci ya ƙaurace mini. Wani ya ce in biya shi, zai sa sunana a takardun bincike, ya samo mini gurbi. Wa zan saurara?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, amma ba zan ɓoye maka ba: fannin nan yana cikin mafi tsauri. Horon shekara 5 ne, guraben kusan 900 ne a shekara, kuma waɗanda suka yi karatu a wajen Amurka ƙalilan ne ke samu. Kana buƙatar takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka. Tun Janairun 2022 matakin farko na jarabawar USMLE, wato jarabawar samun lasisin likita a Amurka, ya koma ci ko faɗuwa kawai, don haka ido ya koma kan makin mataki na biyu.

Shi wancan mutumin kuwa, ka rabu da shi tun yau. Na gaji da jin labarin dillalan nan. Ba a sayar da gurbi. Kai za ka jera asibitocin da kake so, su ma su jera waɗanda suka zanta da su, sai kwamfutar NRMP, hukumar da ke raba guraben horon, ta haɗa, a fitar da sakamako a watan Maris. To, ta wace ƙofa dillali zai shiga?

Batun takardun bincike ya fi tayar mini da hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wajen ganawa za a ɗauko takardar da ke da sunanka, a ce bayyana yadda kuka zaɓi marasa lafiya, me ya sa kuka bi wannan hanyar lissafi. Minti biyu ya isa a gane. In kuma ECFMG ta kama ka da bayanan ƙarya, tambarin yana iya zama a tarihinka har abada. Haka masu tallan wai tambayoyin jarabawa da suka fita: a farkon 2024 an soke sakamakon wasu masu alaƙa da ƙasar Nefal saboda irin wannan zargi. Mutumin da zai riƙe zarto a kan ƙashin ɗan Adam, ya fara da sayen suna? Haba!

Ka karanta alƙaluman NRMP da kanka, ka duba FREIDA, kundin bayanan asibitocin horo da ke intanet, don ganin asibitocin da ke karɓar baƙi da irin bizar da suke tsayawa a kai. A ERAS, shafin da ake tura takardun neman gurbi, ana ba mai neman wannan fanni alamun sha'awa 30, waɗanda zai aika wa asibitocin da ya fi so. Kada ka ɓata ko ɗaya a inda ba su taɓa ɗaukar irinka ba. Yawancin baƙin da na ga sun dace sai da suka yi shekara ɗaya ko biyu suna bincike na gaske ƙarƙashin likitan ƙashi a can, wanda ya ga aikinsu da idonsa kafin ya rubuta musu wasiƙar shaida. Ka kuma tanadi fanni na biyu tun kafin Satumba, lokacin tura takardun neman gurbi.